Doguwar Kujerar Babur ɗin Baba

Akwai wata safiyar Juma'a da ba za ta taɓa fita daga raina ba, kuma duk abin da ya faru a cikinta a kan babur ne.

A lokacin muna zaune a Nassarawa GRA, amma ba irin zaman masu hali ba. Ɗakunan bayan gidan wani attajiri muke, inda Baba ya yi aikin kuku har Allah ya karɓi abinsa, mai gidan ya ce mu ci gaba da zama. Mu uku ne: Inna, da Yaya ɗanta na fari mai aikin akawu a wani otal, sai ni auta, wadda ba ta da aikin da ya wuce hayar littattafan soyayya. Na karanta su har na koma ganin duniya da idonsu.

Abin da Baba ya bar mana shi ne babur ɗinsa. Matsakaici ne, ya fi na 'yan acaɓa girma da nauyi, bai kai na masu rakiyar gwamna ba. Baƙi ne, mai faffaɗan tanki da doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya kamar benci, ga kariyar ƙarfe ta ɗora kaya a baya. Muryarsa kauri gare ta, tun daga kwanar layi muke gane shi. Sai dai kamfanin ya daina ƙera irinsa tuntuni. In wani abu ya lalace, sai Yaya ya yi ta yawo wajen masu tsofaffin ƙarafa. Da safe kuwa ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa masa rigar aiki. Ya sha makara, manaja ya fara yi masa kashedi.

Duk da haka babur ɗin nan shi ne ƙafar Inna. Shekarun ne da aka ƙaddamar da shari'a, aka hana mata hawa acaɓa, keke mai ƙafa uku bai yawaita ba tukuna, unguwarmu kuma ta masu motoci ce, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ta haya. Mahaifiyar Inna tana can unguwar Gama, ta tsufa, idonta ya tafi. Kowace Juma'a Inna kan yi mata dambu, Yaya ya kai ta ta wuni a can. Tsohuwar ba ta lissafin kwanaki sai da wannan zuwan.

Inna mace ce mai tsananin alkunyar ɗan fari. Ban taɓa jin ta kira sunan Yaya ba, sai dai "wannan yaron". Ba ta haɗa ido da shi, ko ruwa ne ni take ba in miƙa masa. Na tashi na ga haka, har na daina lura.

Sai ga sabon samfuri ya shigo gari. Sunansa ɗaya da namu, an dai ƙara masa wasu haruffa a ƙarshe. Wani dillali ya ce zai karɓi tsohon, Yaya ya yi ciko ya ɗauki sabon. Da aka gaya wa Inna, abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye.

Ran Juma'ar da hantsi dillalin ya kawo shi don gwaji, aka jera su biyu a gindin bishiyar mangwaro. Sabon ja ne, sai sheƙi yake, siriri, bai da nauyin namu, roba ta maye wuraren da namu ke da ƙarfe. Ba shi da kariya. Kujerarsa gajera ce, bayanta ya ɗaga sama ya gangaro gaba.

"Ai shi ne dai, Malam," in ji dillalin yana shafa tankin. "Gida ɗaya, suna ɗaya, wannan ɗan wancan ne. Ba ruwanka da kik, dannawa kawai za ka yi. Ga shi ba ya shan mai."

Yaya ya danna, ya tashi nan take da wata siririyar murya. Na ga murmushin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ya ce, "Auta, hau mu zaga layi."

Muna tashi kujerar ta zamar da ni har na manne da bayansa, ba abin riƙewa sai shi. Muka bi ƙarƙashin bishiyoyin nan, iska tana kaɗa mini mayafi, ni kuwa tuni na tafi wata duniya, ina ganin kaina a bayan wani angon da ban ma san shi ba.

Na ce, "Yaya, wallahi wanda ya ƙera wannan ya san soyayya!"

Ya ce, "Allah ya shirye ki, ke da littattafan nan naki. Riƙe ni dai kada ki faɗi."

Muna dawowa Inna ta fito da kwanon dambunta ɗaure a ƙyalle. Ta hau a kaikaice yadda ta saba, ta kai hannu baya neman kariya, ta kamo iska. Ta kuma rasa inda za ta ajiye kwanon, sai ta ɗora a cinya. Yaya ya ja a hankali. A bakin ƙofar gida akwai ɗan tudu, ya taka birki, sai na ga Inna ta zame gaba ɗaya, kafaɗarta ta bugi bayansa, hannunta ya cafki rigarsa. Ta saki rigar kamar ta taɓa garwashi.

"A tsaya," ta ce, ba ta ɗaga murya ba.

Ta sauka, ta gyara lulluɓi, ta dube ni. "Gaya wa wannan yaron ya tafi harkarsa. Yau ƙafata tafiya take so."

Dillalin ya ce, "Haba Hajiya, ai sabo ne, da kin yi sau biyu kin saba."

Inna ta ɗora kwanon a ka ta miƙi titi, mace mai ciwon gwiwa, za ta Gama a ƙasa.

Ni na zaci tsoron faɗuwa ta ji. Sai da na ga Yaya ya sauko daga sabon ya je ya dafa kujerar tsohon, daidai tsakiyarta, wurin da fatar ba ta taɓa goguwa ba, sannan na gane. Nan ne mazaunin kwano. Duk Juma'ar duniya kwanon nan yana tsakaninsu, hannunta ɗaya a kansa, ɗaya a kariya, ta je Gama ta dawo ba ta taɓa ɗanta ba.

Ya miƙa wa dillalin makulli. "Malam, ka yi haƙuri. Babur ɗinka ba shi da laifi."

"To makarar fa? Kai ka ce mini aikinka na rawa."

"Sai in riƙa yin sammako."

Ya hau tsohon ya shiga buga kik. Ya ƙi tashi. Na tura shi har ƙofa, mayafina yana jan ƙasa, sannan ya yi tari ya kama da muryar nan tasa mai kauri. Daga bakin ƙofa na hango ya cim mata can gaba. Ta hau, ta ajiye kwanon a wurinsa, ta kama kariya, suka tafi.

Yaya bai rabu da babur ɗin ba sai bayan rasuwar kakarmu. Sabon da ya saya daga baya irin jan nan ne, kuma ya yi masa aiki sosai, amarya ya ɗauka a kai. Ban ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Suna ne dai kawai ya haɗa su, kowanne da mutanen da aka yi shi dominsu.

Littattafaina sun koya mini cewa so shi ne kusanci, a riƙe juna, a faɗi abin da ke zuciya. Ran nan na ga wani irin so da ba ya kiran suna, ba ya taɓawa, wanda abin da yake buƙata kawai a bar masa wurin ajiye kwano. Tun daga lokacin, in za a sauya wani tsohon abu a gida, ba na tsayawa ga abin da sabon ya ƙara. Nakan fara duba wane ne a cikinmu yake riƙe da tsohon, bai taɓa faɗa ba.