Zoben Kawu Bulus

Duk wanda ya zauna a Tianxiu, ginin ƴan kasuwarmu a ƙasar Sin, ya san ba a musabaha da Kawu Bulus. Ka miƙa masa hannu, sai ya kifo maka bayan nasa, wai ka sumbaci zobe. Zoben kwalba fa! Ni dai ban taɓa yarda na sumbata ba. Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan Katolika daga Malumfashi, dillalin silifa, amma shi a ransa bishop ne.

Wani bishop Bature ne ya ja mana. Kawu ya karanta tarihinsa: ya zo garin nan a jirgin ruwa shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ya yi ta rigima da hukuma har aka kore shi zuwa Makau, ya mutu a can. Shi ke nan Kawu ya daina hawa lifta, wai bishop bai hau ba.

Na ce, "Kawu, ai jirgin sama ma bai hau ba. Da ƙafa ka zo daga Kano?"

Ya ce, "Rufe min baki, ɗan yau."

Ran nan ya miƙa wa wata ƴar Sin mai shagon sarƙoƙi zoben. Ta kama yatsan, ta jujjuya, ta ce da ƴar Hausar da ta tsinta wurinmu, "Jabu! Akwai irinsa, kwali nawa?" Muka yi ta dariya har da hawaye. Kawu ya gyara riga ya ce, "Bishop ɗin, shi ma haka suka yi masa."

Shi ma! Mura ta kama Kawu, sai ya ce shi ma. Tasi ta wuce shi, shi ma.

Sai shekarar wasannin Olamfik a ƙasar Sin ta zo, biza ta yi wuya. Tasa ta kusa ƙarewa, ga kwantenar silifansa a tashar jirgin ruwa ta Huangpu ba a loda ba. Na ce, "Kawu, don Allah ka je ofishin bizar nan ka yi ladabi, ka ɓoye hannunka." Ina! Ya kafa jar hula, ya zura wa jami'i zobe ta taga. Mutumin ya ce, "Meyo." Babu ke nan. Aka ce ya fita zuwa Makau ya nemi sabuwar biza daga can.

Ku ji mutum, da murna ya dawo! "Ayuba, an kore ni! Makau fa, Ayuba!"

Na ce, "Kawu, shi Paparoma ne ya aiko shi. Kai wa ya aiko ka ban da masu silifa na Sabon Gari?"

Bai sake shigowa ba. Ni na loda kwantenar, ciwo kuma ya kwantar da shi a can. Da na je asibiti, ya ɗago hannun da ƙyar, zoben na yawo a yatsa. Ya ce, "Yau ma meyo?"

Na durƙusa na sumbaci kwalbar nan. Ya lumshe ido ya ce, "Ka makara, amma an karɓa."

Allah ya ba ka hutu, Kawu. Ya buɗe maka ƙofar da ba a cewa meyo.