Motar da Malam Kabo Ya Tayar

Shekara ashirin da shida Malam Kabo ya yi yana tuƙa Landirobar sashen gona a Gaya, har motar ta riga shi gajiya. Aka ɗora ta kan duwatsu a gindin darbejiya, kaji suka samu wurin saka ƙwai. Bayan ya yi ritaya ya koma ƙauyensu Balan, aka yi gwanjonta, shi kaɗai ya ɗaga hannu. Mutane suka ce tsufa ya fara taɓa shi.

Ba tsufa ba ne. Matarsa Hure a kan amalanke ta rasu wata damina, tana haihuwar 'yarsu Muhsina, shanu sun kafe a bakin rafi, shi kuma yana can Kano da motar gwamnati ya kai takardu. Tun ranar abin yake cinsa. Ya ƙudurta cewa muddin yana raye, ba wata mace a yankin da za ta sake yin naƙuda a bayan shanu.

Shekara biyar yana fama da gyaran motar. Kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ta san shi kamar ɗan gida, yau kafireta, gobe gilashin fitila. Ya shafe ta da koren fenti, ya ɗinka mata sabon tamfol, ya shimfiɗa katifa a baya. Ranar da ta tashi, kuka ya yi a gaban jama'a, bai ji kunya ba.

Kuskurensa ɗaya ne, kuma na mutumin kirki ne. Kwana uku da tashinta maƙwabcinsa Kawu ya rasu a asibiti, hanya ta lalace, masu A Daidaita Sahu suka ƙi zuwa. Malam Kabo ya je ya ɗauko shi. Wata bai cika ba ya ɗauko gawa huɗu, don ba ya iya cewa a'a. Shi ke nan suna ya bi ta: motar gawa. Mata in sun hango ta sai su ja mayafi su kau da kai. Mazan da ke yi masa godiya a wurin zaman makoki, su ne ke ɗora matansu masu ciki a kan babur.

Muhsina tana aure a wani ƙauye a ƙasar Ajingi. Da Hure na raye, da gida za ta zo goyon ciki, amma sai ta zauna wurin surukarta Kubura. Wata Talata da hantsi, bayan ruwan kwana biyu, mijinta Da'u ya bugo waya: naƙuda ta yi tsawo. Malam Kabo ya iso kafin azahar, taɓo har gilashi.

Kubura ta tare ƙofa. "Malam Kabo, ka yi haƙuri. Jikana ba zai fara duniya a inda ake kwantar da matattu ba."

"Hajiya, ƙarfe ne da taya. Rai na hannun Allah."

"To, shi ya sa za ta hau amalanke."

Ya dubi Da'u, Da'u ya dubi ƙasa. Haka suka kama hanya, shanu a gaba, shi a baya cikin mota ba kowa, yana bin su a giya ta ɗaya, yana jin nishin 'yarsa. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tafiya ba. A bakin rafi shanun suka kafe. Muhsina ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Baba, buɗe min ƙofa."

Motar ta ratsa ruwan kamar ba komai. Amma la'asar ta riga ta yi. A Gaya aka ceto Muhsina, jaririn kuwa bai zo da rai ba, ungozoma ta ce da sun iso tun azahar da wataƙila an same shi.

Washegari dole a mai da jaririn gida a binne, kuma mota ɗaya ce ke iya hanyar. Wannan karon Kubura ba ta yi gardama ba. Ta shiga gaba, ta rungume shi cikin zane. Kafin su isa ƙauye labari ya riga su: motar ce ta ci yaron.

Har yau Malam Kabo yana wanke ta kowace safiya, yana shanya katifar a rana. In wayarsa ta yi ƙara, ba ya tambayar wace ce ke naƙuda. Sai dai ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ina zan zo?"