Bunsurun Buzaye da Amanar Gwaggo

A shekarun da nake ba da labari, tun Turawa ba su tafi ba, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Ba yabon kai ba, duk unguwarmu an san ina da hannun kiwo. Awakina bakwai ne, jajaye irin namu na gida, gajeru masu sheƙin gashi. Da rani harawa da kowar wake da 'ya'yan gawo ba sa yanke musu. Kullum da safe sai na dama musu dusa a ruwan ƙasari, na barbaɗa 'yar kanwa. Damina na faɗuwa kowace ta koma turkenta a busasshen wuri, don akuya ba ta son laima, maƙwabci kuma ba ya yafe ɓarnar gona. Mata kan zo neman shawara, ni kuwa in ba su ina hura hanci.

Wannan suna ne ya sa gwaggona, yayar mahaifina, ta kawo mini akuyarta lokacin da za ta tafi hajji ta ƙasa. Tafiya ce ta shekaru a wancan zamani, wani ma ba ya dawowa. Akuyar ja ce wur, kuma ba saya gwaggo ta yi ba. Jikar jikar wadda mahaifiyarta ta ba ta ce ranar da aka kai ta ɗakin miji, irin bai taɓa yankewa a hannunta ba. Ta ce mu yi yadda aka saba, haihuwar fari tata, ta biyu tawa, amma uwar amana ce, in Allah ya dawo da ita tana son ta same ta. Na ce ta tafi da kwanciyar rai, ko kaza ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba, balle akuya.

Shekara biyu komai lafiya, har akuyar ta yi tagwaye. A rani na biyu Buzaye masu kawo kanwa suka sauka bayan gidanmu. Ta kafar danga na hango wani farin bunsuru a cikin kayansu, dogon ƙafa, kunnuwa har wuya, tsayinsa ya kusa na ɗan maraƙi. Nan take raina ya biya. Na riƙa hango 'ya'yansa a turakuna, duk ƙauye ana zuwa kallo. Maigidana ya ce bai ga abin da jajayenmu suka rasa ba, ga yawan haihuwa ga fata mai daraja, amma na matsa masa har ya je ya yi musaya da dawa.

Washegari Bafulatanar da ke kawo mana nono ta gan shi. Ta tsuguna ta daɗe tana kallon hancinsa, sannan ta ce mini, da Hausarta mai karkacewa, a rugarsu baƙuwar dabba ba ta kwana da na gida sai ta yi Juma'a biyu ita kaɗai. Ta ce in ɗaure shi can gindin tsamiya, da kwanon ruwansa daban, don ta ji yana ɗan tari. Ta ƙara da cewa akuyar hamada ba ta jure ciyawarmu da kaska. Na yi dariya, na ce mata ta ji da shanunta, akuya kam ba a koya mini. A ranar na haɗa shi da sauran, akushi ɗaya suka sha.

Ba a yi kwana goma ba tari ya kama garken. Majina ta toshe musu hanci, suka daina tuƙa, suka tsaya kai a sunkuye. Na jiƙa sassaƙen maɗaci, na daka tafarnuwa, na yi hayaƙi, duk a banza. Bunsurun ne ya fara tafiya, nawa suka bi ɗaya bayan ɗaya, wasu ma sai da aka yi gaggawar sa musu wuƙa. Tagwayen suka mutu rana ɗaya. Akuyar gwaggo ce ta ƙarshe, ta cika da hantsi kanta a kan cinyata. Na yi kuka sosai, kuma gaskiya rabin kukan na kunya ne.

Da a nan na tsaya, da ƙaddara ce da ganganci. Amma da aka aiko cewa ayarin su gwaggo ya iso Kano, sai tsoro ya rufe mini ido. Na sa aka zagaya kasuwanni har Kiru, aka samo mini wata ja mai kama da tata kamar an tsaga kara. Maigidana ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, shi ba ruwansa. Na ɗaure ta a tsohon turken, na riƙa ɗura mata dusa.

Kwana uku da saukarta gwaggo, wadda yanzu ake kira Hajiya, ta zo gidana, ta rame, ta yi baƙi. Bayan mun gaisa na durƙusa na sha zamzam, sai ta ce in kai ta wurin 'yarta. Ta shafa bayan akuyar, ta kira ta, akuyar ta ja da baya. Sai ta kama haɓarta ta buɗe bakin. Haƙoran ƙanana ne farare tas, ko famfara ba ta gama ba. Hajiya ta yi murmushi ta ce lallai hannuna ya wuce yadda ake faɗa, ita ta je Makka ta baro haƙora biyu a hanya, akuyarta kuwa ta zauna gida ta koma budurwa. Na fashe da kuka na faɗi komai. Ta saurara har na gama, ta ce da mutuwar na gaya mata, da sai ta yi mini jaje, don mai rai ba ya wuce ranarsa. Ta ce in riƙe akuyar, ba tata ba ce. Ba ta zage ni ba, ba ta faɗa wa kowa ba, amma har ta koma ga Allah ko allura ba ta sake ba ni ajiya ba.

Na ci gaba da kiwo, kuma jajayen da na sake tarawa su suka aurar da 'ya'yana. Yau duk wadda ta zo neman shawara, abin da nake gaya mata ke nan: ta zaɓi irin da ya san ruwa da ciyawar garinta, tsayin ƙafa ba ya cika turke. Baƙuwar dabba kuwa, ko kyauta aka ba ta, ta yi Juma'a biyu a ware. In kuma amana ta lalace a hannunku, 'yan'uwa, ku faɗa da bakinku tun ba a tambaya ba. Garke na mayar da shi cikin shekara huɗu. Yardar gwaggo ita ce ban samu na mayar ba.