Ƙugiyar da Ta Zame a Farce

A gidanmu na Shahuci ba a sayen fatsa ɗaurarriya, Baba ya ce aikin malalata ne. Ƙugiya ake sayowa zalla, a zauna a zaure a ɗaura ta da hannu, sannan a nufi kududdufin da ke wajen Ƙofar Na'isa. Yayana shi ya gaji hannun Baba. Ni tela ne, ni da kifi sai dai a miya, amma da yake shagona yana bakin kasuwar Kurmi, ni ake aike sayen ƙugiya.

Aiken nan ya ba ni wuya. Yaya tarwaɗa yake kamawa, saboda haka sai ƙugiya mai kauri, mai dogon wuya, wadda tsininta ya ɗan karkace. Kuma kowacce sai an gwada ta: ka ɗora tsinin a farcen babban yatsa, ka ja a hankali. In ta kafe, ta yi. In ta zame, banza ce. Na taɓa kawo biyu masu zamewa, da azahar tsaka, da azumi a bakina, Yaya ya tasa ƙeyata kasuwa na canzo su. Tun daga ranar farcena na hagu bai sake rabuwa da karce ba, don wallahi ina tsoron bakin mutumin nan.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, Yaya ya shiga soja. 'Yan kasuwar Sabon Gari masu kawo ƙugiyar Turawa sun riga sun gudu garuruwansu, abin da ya rage sai mai tsatsa da wadda maƙera ke lanƙwasawa. Sai in tona gwangwani guda kafin in samu biyar na kirki. Baba kuwa yanar ido ta rufe masa gani, ga ciwon zuciya, amma yatsunsa ba su manta ɗauri ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya ɗaura wa Yaya fatsa, ya rataye a bangon zaure.

"Damina na tafe," yake cewa. "Kada ya dawo ya tarar ba a tanadar masa komai ba."

Wata Talata wani ɗan dako na unguwarmu, wanda suka shiga soja rana ɗaya da Yaya, ya zo shagona yana dogara sanda. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce sai haƙuri. A bakin wani kogi a kudu aka binne Yaya, da hannunsa ya zuba ƙasar. Na roƙe shi ya rufa bakinsa, ni zan gaya wa Baba gobe.

Goben nan ta ƙi zuwa. Duk sanda na buɗe baki sai in ji yadda numfashin tsohon yake sarƙewa, in tambaye shi ko ya sha magani. Ga tsoron kada labarin ya kashe shi, ga nauyin mamaci da ba a yi masa zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba. Na rasa inda zan sa kaina. Na ci gaba da zuwa Kurmi ina karce farcena saboda wanda na san ba zai dawo ba.

A Juma'a ta bakwai na kasa. Mai ƙugiyar, wani dattijo Babarbare, ya turo mini gwangwanin.

"Malam, yau ba ka gwadawa?"

"Zuba kawai," na ce. Ya ƙunshe mini a takarda.

A zaure Baba ya zazzage su a kan buzu. Ya laluba ɗaya ya ja a farce, ta zame. Ta biyu ma haka. Da ta uku ta zame sai ya ajiye ta.

"Kawo hannunka."

Na miƙa masa. Ya shafa farcen, ya sake shafawa, babu sabon karce ko ɗaya.

"Shekara nawa kana tsoron faɗan yayanka," ya ce. "Yau ba ka tsoro."

Hawaye suka zubo mini.

"Yaushe ka ji?"

"Sati bakwai ke nan, Baba."

Ya yi innalillahi har sau uku, ya lissafa da yatsunsa.

"Da ka faɗa mini, da har addu'ar arba'in mun yi masa."

Bai ɗaga murya ba. Ya tattara ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin takardar. Na tsaya ina jira ya kora ni kasuwa in canzo su, da gudu zan tafi. Sai ya ce in shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, in je in sanar da liman.