Suruki a Cikin Guruf

In dai ina numfashi, ba zan manta da damanar da na kusa raba wani bawan Allah da abincinsa saboda manhajar waya ba. Lokacin ina aiki a buro, wato ofishin wani ƙaramin kamfanin sufuri a Malbaza, muna kai siminti Konni da Illela da ƙauyuka. Patron, wato mai kamfanin, wani Alhaji mai saurin fushi, ya gaji da kiran direbobi ɗaya bayan ɗaya, ya ce in zaɓo mana manhajar da za mu riƙa magana a cikinta. Ni kuwa ɗan lakwal, ɗan boko mai ji da kai, ban shawarci kowa ba. Na ɗauko wadda aka fi yayi, na buɗe guruf guda, na zuba kowa ciki kamar wake a buhu. Doka ita ce kowa ya aiko da saƙon murya in ya tashi, in ya isa.

Kowa ya saki baki, ban da mutum biyu: dattijon direbanmu, da wani matashi da ya fi kowa iya tuƙi. Dattijo an ɗaga masa ƙafa don shekarunsa. Matashin kuwa Alhaji ya ce girman kai ne ke damunsa.

Rannan kamiyon matashin, babbar motar dakon siminti, ya lalace kusa da Tajaye, ga hadari ya haɗo, ga tampol ɗinsa a yage. Ya yi ta kirana, ina kan kabu-kabu, ban ji ba. Wani direbanmu yana nan kusa, yana da tampol na biyu. Da kalma ɗaya ta faɗa guruf, da ya kai masa. Ruwa ya sauka, rabin lodin ya zama dutse.

Alhaji ya ce matashin ya ajiye makulli. Ni ma raina ya ɓaci, na same shi a gareji na ce, "Kai wai bebe ne? Danna waya ka yi magana ya gagare ka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "ta ina zan buɗe baki? Baba na ciki."

Ashe 'yar dattijon yake aure! Ni da aka haifa a ƙasar nan, na san suruki ba ya ɗaga murya gaban uban matarsa, amma na haɗa su wuri guda, na ce dole sai ya yi magana.

Na koma wurin Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, in kora ce, ni za ka kora. Ni na zaunar da su a tabarma ɗaya."

"Kunya za ta busar min da siminti?" in ji shi.

Sau uku yana korata daga buronsa, sau uku ina komawa. A ƙarshe ya ce, "Kai dai akwai naci. Na ba ka sati guda, yaron ya riƙe makulli tukuna."

Satin nan ban zauna ba. Na bi kamiyo ina gwada manhajoji har wuraren da rezo, wato sabis ɗin waya, ke tsallakawa Najeriya, kuma duk direban da na zauna da shi sai na tambaye shi wa yake jin nauyi. Na zaɓi wata wadda ba ta da suna, ba ta da ado, amma saƙon direba buro kaɗai yake zuwa, mu kuma mu sanar da kowa.

Safiyar farko, muryar matashin ce ta fara shigowa, da doguwar gaisuwa, sannan ya ce ya kama hanya. Daɗi ya kama ni har na saurara sau uku, na kai wa Alhaji. Bai sake zancen makulli ba.

Da hantsi sai ga dattijo, ya ajiye wayarsa a teburina. "Ɗana, sa mini sabuwar. Waccan, tun ranar da na ga hoton yaron ciki ban sake buɗe ta ba."

Wata uku ke nan bai ji umarni ko ɗaya ba, Allah ne kawai ya rufa asiri. Tun daga ranar, kafin in tara mutane wuri guda, a waya ko a tabarma, sai na fara sanin wa ke jin kunyar wa.