Ma'aunin Jita a Farantin Tuwon Madara

Jama'a, yau ma'aunina ya ci kasuwa biyu!

Kun san ƙarfen nan da na yi wa tsaga-tsaga da hannuna, wanda nake ɗorawa a wuyan jita in bi da zarto, tazarar tana raguwa har ƙasa? Da safe Tunde makaɗi ya zo daga unguwar Mokola. Gobe yana da wasan biki, ni kuma ban yanka wuyan jitarsa ba. Na birkice shago, babu ma'auni! Tunde ya dafe kai: "Oga Sani, ka kashe ni!"

Na faɗa gida a guje. Me zan gani? Maman Hanifa ta ɗora shi a kan tuwon madara, tana bi da wuƙa!

Na ce, "Kayan aikina ne fa!"

Ta ce, "Baban Hanifa, ai hannunka ya iya. Manyan yanka na manya, ƙanana na 'yan makaranta, ko ɗaya bai karkace ba."

Na wanke shi, na koma shago na yanka, na kafa ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan jita. Da la'asar Tunde ya kaɗa jita, sauti garau, har da rawa!

Ina komawa gida ta miƙo hannu: "To, a ba ni ma'aunina."