Furen Lauz a Bayan Shinge

A ƙarshen shekarun 1980 ina tuƙa motar wani Balarabe a Jidda. Shi ne kafilina: da sunansa aka yi mini iƙama, wato takardar izinin zama, fasfona kuma yana cikin durowarsa. Matata ta biyo ni da bizar umara, biza ta ƙare, ta zauna. Mun nemi a sa ta cikin iƙamata, aka ce direban gida ba ya ajiye iyali. Saboda haka ni ina da takarda, ita ba ta da ita, muna zaune a ɗaki ɗaya a saman wani tsohon bene a unguwar Bani Malik. Iyakar tafiyarta kantin da ke ƙasan benen, sai kan rufi inda take shanya. In motar masu kamen baƙi ta shigo layi, mata kan buga wa juna bango, kowace ta kashe rediyonta.

Kafilina yana da gona a kan duwatsun da ke bayan Ɗa'ifa. Da zafi yake kai iyalinsa can, amma wata shekara wani aiki ya taso masa da tsakiyar sanyi, na kai shi. Mun hau dutsen gajimare na kwance a kan titi. Da muka shiga gonar sai na ga itatuwa ba ganye ko ɗaya, rassansu baƙaƙe kamar sun bushe, amma kowane reshe cike da fure, fari mai ɗan ja a tsakiya. Mai gadin gonar, wani dattijo ɗan Yaman, ya ce lauz ne, wanda muke sayen 'ya'yansa a shagunan Sharafiyya. Ya ce bana furen ya riga lokacinsa, kuma irin wannan ba ya daɗewa a kan reshe.

Ina da ƙaramar kyamara da muke ɗaukar hotunan aikawa gida. Kafin kafilina ya gama abin da ya kawo shi na ƙarar da fim ɗin. Da muka sauko na kai aka wanke, na kawo wa matata. Ta jera su a kan darduma, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan a ƙasar nan yake?"

"Tafiyar safiya ɗaya ce daga nan."

"Yana da ƙamshi?"

Na ce ban sansana ba.

"Malam ke nan," in ji ta. "Ka yi shekaru kana karanta wa mutane labarin duniya a rediyo, an kai ka gona ka dawo da rabin labari."

Ba mai yawan roƙo ba ce. Tun da ta zo ba ta taɓa cewa in kai ta ko bakin teku ba. Amma washegari ta zaro hoto ɗaya, na wata itaciya da ta karkato kan katangar dutse, ta ce, "Ina so in tsaya a ƙarƙashin wannan, ka ɗauke ni. Kafin ya zube."

Tsakaninmu da itaciyar akwai shingen bincike a kan hanyar Makka, inda askar, wato ɗan sanda, ke tsayar da motoci yana duba iƙama. Wadda aka kama ba takarda, gidan tarhil ake kai ta, ta jira jirgin da zai mayar da ita gida.

Maƙwabcinmu na ƙasa Badamagare ne, yana da tsohuwar mota da yake jigilar kayan 'yan kasuwa, kuma yana da iƙama ta iyali. A lokacin iƙama ɗan littafi ce, hoton matar aure yana cikin na mijinta. Matan unguwarmu sun daɗe da gano amfanin wannan. Mace tana cikin niƙabi, askar ba ya cewa ta buɗe fuska, yakan dubi hoto ya dubi baƙin mayafi ya miƙo littafi. Don haka mai takarda takan ba marar takarda aron kanta, ta je asibiti ko ta je gaisuwar mutuwa, ita kuwa ta wuni a ɗaki har a dawo.

Matar Badamagaren ce da kanta ta kawo shawarar. "Ki tafi a madadina, ƙawata. Ni kwana-kwanar dutsen nan amai take sa ni."

Sai dai littafin ba ya tafiya sai da mai shi. Dole shi zai tuƙa, kuma a gaban askar matata matarsa ce. Na tambaye shi ni kuma mene ne a cikin motar.

"Kai wanta ne," in ji shi. "Bon, Bakano, ka ga yadda Allah ya ɗaukaka ka. Yau Badamagare zai durƙusa ya gaishe ka."

"Fara gwadawa tun yanzu, kada gwiwarka ta ƙage a gaban hukuma."

Ranar Alhamis da yamma muka yi gwaji a ɗakinsu. Badamagaren ya tsuke fuska ya zama askar, ya nuna ƙirjinsa ya tambayi matata da Larabci, wane ne wannan? Amsar kalma ɗaya ce, zauji, wato mijina. Matata ta rufe baki da mayafi tana dariya, matarsa na dukan bayanta. Ya sake tambaya, ta sake dariya. Muka ɗauka kunya ce, muka sha shayi muka tashi.

Mun fita ranar Juma'a bayan asuba. Takardar izinin fita gari ina da ita saboda gonar. Ta sa leshinta mafi kyau a ƙarƙashin abaya, na sa sabon fim a kyamara. Na zauna gaba, ita a baya. Tun daga Bani Malik har muka bar gidajen ƙarshe na Jidda fuskarta na jikin gilashi. Ta tambayi sunan wata gada, ta tambayi ko raƙuman da muka wuce suna da mai su.

Muna hango rumfar shingen, motoci sun fara rage gudu, sai ta ce, "Alhaji, tsaya."

Akwai gidan mai a hannun dama, na ƙarshe kafin shingen. Badamagaren ya shiga ya tsaya bai kashe mota ba.

"Lafiya, Hajiya?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba sa tambayar mata. Sau nawa na wuce nan."

"In ya tambaya fa?"

"Kalma ɗaya ce. Ki faɗa a hankali ma ya isa."

"A kan hanyar Makka, ranar Juma'a, mijina na zaune, in nuna wani in ce shi ne?"

Na juyo na ce mata ni ne mijin, kuma na yarda. Na ce kowa ya san lalura ce, aure ba ya motsi da irin wannan.

"Na san ka yarda, Malam. Bakina ne bai yarda ba. Jiya na gwada ni kaɗai a kan rufi, ta ƙi fita." Ta gyara niƙabinta. "In ya tambaya na yi shiru, zai ce in sauko. Ni tarhil ce, na sani. Alhaji kuma a karɓe littafinsa, ga mata ga yara."

Badamagaren ya kashe motar. Daga inda muke ana ganin shingen sarai. Askar ɗaya ne a tsaye, ya ɗaga kwalar rigar sanyinsa, yana kaɗa wa motoci hannu. Muka ga motar ɗaukar kaya ta wuce, ƙaramar bas cike da mata ta wuce, wata tsohuwar mota irin tamu ta wuce. Bai leƙa ko ɗaya ba.

"Kin gani? Ko kallo ba ya yi. Yalla, mu bi bayan waccan."

"Na gani," in ji ta.

Muka ƙara jira. Na san muryarta in ta gama magana. Can Badamagaren ya sauke numfashi ya tayar da mota.

"Halas, shi ke nan. Bakano, ka yi asarar gaisuwata."

Ba wanda ya yi dariya. Sai da muka yi ɗan zagaye kafin mu sami inda ake juyawa.

Rana ba ta yi zafi ba muka iso gida. Matar Badamagaren ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu.

"Har kun dawo? Ina furen?"

"Yana can," in ji matata. "An kawo ruwa yau?"

Aka ce an kawo. Ta hau sama ta canja kaya, ta sauko da bokiti.

Ba ta ƙara yin zancen Ɗa'ifa ba. Bayan wasu shekaru aka yi wa marasa takarda afuwa, aka ce duk wanda ya kai kansa za a mayar da shi gida ba ɗauri. Ta kai kanta. Wannan karon ni na tuƙa ta, a motar kafilina, ba wanda ya tsayar da mu. Hanyar filin jirgi arewa take yi, dutsen kuwa yana gabas.